Jinkar Kawu Wakili

Duk wanda ya san Kawu Bube ya san ba a miƙa masa abu ya karɓa kai tsaye. Ko goro ka ba shi, sai ya juya shi a tafin hannu, ya dube ka, ya tambaya ko sauran mutane sun samu. In ka ce ai shi ka kawo wa, sai ya girgiza kai ya ce, "Ba ni kaɗai ba ne." Da wannan magana ya ƙi katifa, da ita ya ƙi fitila mai aiki da hasken rana, da ita kuma ya hana matarsa, Inna Kulu, rufin kwano har ya koma ga Mahaliccinsa. 'Yan'uwa sun ce ni zan rubuta wani abu a kansa, wai don ni na yi boko mai nisa. Na karɓa, amma ina neman afuwa tun yanzu. Abin da na gani zan ce na gani, wanda aka gaya mini zan ce an gaya mini, inda na kauce kuma a gyara mini.

Kawu Bube yayan mahaifiyata ne, masunci, a wani ƙauye na bakin ruwa a ƙasar Ngaski. Bai taɓa riƙe sarauta ba, ko ta unguwa. Sunan Wakili da ya bi shi har kabari, masu tambaya ne suka jawo masa.

Ga wanda bai sani ba, akwai wani bincike da ake yi a kan zaman mutane. Ana zaɓar gidaje da ƙuri'a, a tambaye su ci da sha, da lafiya, da karatun yara, da sana'a. Baɗi sai a dawo wa waɗannan gidajen dai, ba wasu ba, a sake yi musu tambayoyin, haka shekara bayan shekara. Dalili kuwa, in mutane daban kake tambaya kowace shekara, za ka san yawan masu fama da talauci, amma ba za ka san ko na bara ne har yanzu ba, ko wasu sun fita wasu sun faɗa. Masu tsara ayyukan gwamnati da sakamakon irin wannan suke aiki. Ko kuma dai in ce, da shi ya kamata su yi aiki.

To, ƙuri'a ta faɗa gidan Kawu. Ban kasance a wurin ba, Inna Kulu ce ta ba ni labari. A ƙarshen wani rani mota ta tsaya a bakin ƙauye, wata matashiya mai suna Malama Hadiza ta yi sallama riƙe da na'ura mai faɗi kamar faifai. Kawu yana zaune a kan tsohon jirginsa da ya kife a ƙofar gida, yana ɗinkin koma. Ya saurari bayaninta duka, sannan ya nuna mata gidan mai gari, ya ce ta yi ɓatan kai. Ta ce ba ta yi ba. Ya ce to me ya sa sai shi. Baiwar Allah, don kawai ta kwantar masa da hankali, sai ta ce:

"Baba, gidanka zai tsaya ne a madadin gidaje masu yawa irinsa, tun daga nan har Shanga."

Inna ta ce tana leƙe ta ramin zana, da idonta ta ga bayansa ya miƙe. Mutumin da ya shekara yana kukan ciwon ƙugu.

Da za su tafi suka rubuta lamba da alli a jikin ƙofa, don su gane gidan baɗi. Kafin ƙurar motarsu ta kwanta Kawu ya ɗauko kwaltar da yake liƙe jirgi ya bi lambar da ita.

A nan dole in yi masa adalci. Kawu Bube ba ya ƙarya. Da wani ne, sai ya ci kaza ya ce kuka ya sha, kowa ya huta. Shi kuwa tunda ba zai faɗi abin da ba haka ba, kuma yana tsoron kada a rubuta cewa masuntan bakin ruwa duka suna cikin daɗi saboda shi, sai ya ga hanya ɗaya ta rage: ya gyara rayuwarsa ta yi daidai da amsar da yake so ya bayar. Ya lura kullum ana tambayar abin da aka ci a makon da ya wuce. Saboda haka da zarar mai gari ya ce masu tambaya sun kusa, sai ya fara zagayen gidajen maƙwabta da sunan gaisuwa, yana leƙa tukwane. Abin da ya ga ya fi yawa, shi za a dafa a gidansa. In ya kama giwan ruwa a wannan mako, kasuwa za ta tafi. Gida kuwa sai warangi, waɗannan 'yan mitsi-mitsin da ake shanyawa a rana.

Wata shekara matar ɗansa Nasiru ta haihu a gidan, suna ya faɗo daidai cikin makon. Wannan ina nan. An yanka rago, washegari mata suka hau suya, ƙauye duka ya ɗauki ƙamshi. Kawu ya juya wa murhu baya, ya sa tuwo da miyar kuka a gaba, yana ci yana haɗiyar yawu. Abokansa suka yi ta tsokanarsa, ana wuce shi da tsoka a hannu ana cewa Wakili a taimaka a ɗanɗana gishiri. Bai taɓa ba. Ragon jikansa na fari.

Ranar tambaya ya sa babbar rigarsa, ya hau kifaffen jirgi. Malama Hadiza ta karanto: a makon da ya wuce, akwai wanda ya ci nama a gidan nan? Ya ce da ƙarfinsa shi dai bai ci ba. Ta ce, cikin ladabi, ai gidan duka ake tambaya, ba mai gida kaɗai ba. Sai muryar Inna ta fito daga bayan zana:

"Mun ci, ɗiyata. Rago guda, har kai da ƙafa."

Kawu ya gyara zama a kan jirgin. Can ya tambaya ko akwai inda za a rubuta cewa suna aka yi. Ta ce akwai ɗan wuri na ƙarin bayani. Ya fara shifta: cewa ba kullum ake haihuwa ba, cewa ragon ma ramamme ne, cewa rabinsa dangin mai jego suka kwashe. Wuri ya cika bai kai rabi ba. Da mota ta tashi ya cire hula, ya leƙa cikin gida, ya sassauta murya.

"Kulu, akwai saura?"

"Babu. Ba kai kaɗai ba ne."

Shekarar da aka haƙa wa ƙauyen rijiyar burtsatse, Kawu bai ce shi ya kawo ta ba. Tsayawa kawai yake yi kusa da ita da safe, hannu a baya, yana amsa gaisuwa. An tambaye ni ko da gaske amsoshinsa ne suka kawo ta. Gaskiya ba ni da hujjar cewa su ne. Ba ni kuma da hujjar cewa ba su ba ne. Amma duk mai karɓar yabo sai ya shirya wa zargi. Da man inji ya yi tsada, masu jirage suka fara tare shi a bakin ruwa: Wakili, mi ka faɗa musu bana? Su wasa suke yi, shi kuwa ya ɗauka da gaske. Ya yi kwanaki yana bitar amsoshinsa a ka, har ya gano laifin: ya amsa cewa yana da rediyo. Ya ɗauki rediyon ya ba maƙwabcinsa kyauta, ya koma zuwa can kowace yamma yana jin labarai, yana kuma yi wa mutumin faɗa in batir ya yi sanyi.

Duk wannan dariya ce. Abin da ba dariya ba shi ne ɗakin Inna Kulu. Jinka ce, kuma ko an sake baibaya, iskar tafki ba ta barinta ta kai ƙarshen damina. Ruwa na sauka za ta fara jera baho da robobi, tana jan tabarma daga wannan lungu zuwa wancan. Tana da tari da ke tashi da sanyi, kowace damina sai ya kwantar da ita. Nasiru, da kasuwar bandar kifi ta karɓe shi a Yelwa, ya sayo kwanon rufi ya kawo har da kafinta. Kawu ya yi masa addu'a mai tsawo, ya sa aka ba kafinta fura, ya sallame shi. Kwano kuwa aka jingine a bayan rumbu. Ya ce rufi ba a ɓoye shi, tun daga mota za a hango.

Shi ne aka aiko mini. Na karanta ilimin zamantakewa a jami'a, har na taɓa rubuta jarrabawa a kan irin wannan bincike. Inna ta soya mini kifi ƙarfasa, ta zuba mini a kwanon baƙi, ta ce in je in warware wa kawuna kai. Na shirya sosai. Na bayyana masa cewa canji suke nema su gani, shi ya sa suke dawowa. In ɗansa ya samu ya yi masa rufi, wannan ma labari ne da ya kamata a sani. Na ce masana sun daɗe da lura cewa wanda ake yawan tambaya yakan fara sauya halinsa saboda tambayar, kuma hakan ɓata binciken yake yi. Na ce ba gidansa kaɗai aka zaɓa ba, akwai wasu da yawa. Ya saurara har ƙarshe, yana gyaɗa kai. Na fara jin daɗi.

"Na ji. Tambaya guda. In na yi kwano, cikin lissahinsu, gidajen da nike tsayawa madadinsu sun yi kwano ko ba su yi ba?"

Amsar da ake so in bayar a'a ce. Ina jin numfashin Inna a bayan zana. Sai dai a yadda ake auna waɗannan abubuwa, ba a'a ba ce gaba ɗaya. Na ce, "To, a lissafe kusan haka ne, Kawu, amma..."

"Madalla. Riƙe ammarka, ka kai ma Kulu."

Daga ranar na zama Malam Amma a ƙauyen, har yara. Inna ba ta yi mini faɗa ba. Ta dai ɗauke sauran ƙarfasar daga gabana, ta ce ita ba ta san ana zuwa har jami'a a dawo ba a iya cewa a'a ba.

Da matsi ya yi yawa, Kawu ya kafa sharaɗi: ranar da masu kwano suka rinjayi masu jinka a ƙauyen, zai yi rufi. Yadda yake dubawa kuwa, da rana tsaka zai tura jirgi zuwa cikin ruwa, ya juyo ya fuskanci gari, ya sa hannu a goshi yana kallon ƙyalli. Shekaru suka tafi, albasa ta yi kuɗi, samari suka fita nema, ƙyalli ya yi ta ƙaruwa. Inna ta riƙa bin kowane gida da aka buga wa kwano da barka, fiye da yadda take zuwa barkar haihuwa. Har aka kai lokacin da ko makaho ya san jinka ta zama 'yar tsiraru. Nasiru ya sake zuwa da kafinta. Kawu ya fita da jirgi, ya daɗe, ya dawo fuskarsa a nutse. Ya ce lalle kwano ya rinjaya. Ya ce amma waɗanda sunka rage, gwauraye ne da tsofaffi da matan da mazansu sunka mutu, kuma yanzu ba su da mai faɗin halinsu sai shi. Aka sake ba kafinta fura.

Sai shekarar da ruwa ya yi ambaliya ya shiga ƙauyen. Kowa na kwasar hatsi da awaki da yara, Kawu yana fama da ƙofa. Ya ɓalle ta daga jikin gini, ya ɗora a jirgi, ya zauna a kanta. An gaya mini Inna ta tsaya ruwa har gwiwa tana kiransa, ya ce ta biyo jirgin baya, wanga ya cika. Ita ma ba ta tafi hannu wofi ba. Ta sa samari suka ɗora mata kwanon rufinta a jirgin, ta haye sama. Haka suka iso Yelwa gidan mahaifiyata, shi a kan ƙofa, ita a kan rufi, ba mai yi wa wani magana.

Zaman Yelwa ya dame shi ƙwarai, don yana ganin masu tambaya za su je su tarar da kango su share sunansa. Ya jingine ƙofar a zaurenmu, lamba tana kallon titi. Ya bar sallahu wurin masu jirage, da masu kifi a kasuwa, da 'yan kabu-kabu: in an ga mata mai faifai, a ce Bube na nan. Na gaya masa masu irin wannan bincike suna bin sawun wanda ya ƙaura, don kowane gida da ya ɓace musu asara ce, kuma suna da lambar Nasiru. Ya ce ya ji, Malam Amma. Kuma haka aka yi, sun kira. Ya ƙi karɓar wayar. Ya ce tambaya ba a yinta sai ana ganin halin mutum, su zo inda sunka saba. Ya tattara iyali aka koma, aka tayar da bangon da ya zube. Ga gini sabo, ga kwano a ajiye, ga kafinta a ƙauye. Ya aika aka yanko ciyawa.

Rashin lafiyarsa ba ta yi tsawo ba. A tsakiyar ranin bana ne. Na je duba shi na same shi kwance a tabarma, katifar da ya ƙi tana naɗe a gefe. Ya tambaye ni ko in mai gida ya mutu ana cire gidan. Na ce a'a, Kawu, ba a cirewa, gidan ake bi. Ya jira. Ban ƙara kome ba. Ya yi murmushi, ya ce yau ɗan Ramatu ya yi magana ba wutsiya. Ramatu ita ce mahaifiyata. Bayan 'yan kwanaki ya cika.

Jana'izarsa ta tara mutane daga gungu-gungu, wato tsibiran cikin ruwa, da ƙauyukan da ban san ya taɓa zuwa ba. Wasu tsofaffi sun ce sun ji labarin akwai wani a Ngaski da ya ƙi kwano saboda su. Ba su da tabbacin me hakan ya amfana musu, ni ma haka, amma sun zo.

Da aka share makoki Nasiru ya kawo kafinta, karo na uku. Bazara ta shiga, hadari ya fara haɗuwa ta gabas, tarin Inna ya fara motsi. Sai ta ce a dakata. Muka dubi juna. Nasiru ya roƙe ta, mahaifiyata ta yi mata magana, ni ma na kawo dalilai. Ta ce a dakata sai masu tambaya sun zo. Aka yi yayyafi na farko, ta jera bahonta. Na shiga damuwa sosai, har na fara tunanin ko abin gado ne da ake ɗauka ta zama tare.

Suka zo. Malama Hadiza ce dai, yanzu da tabarau, ita ce ma shugabar tawaga, amma ta ce gidan Baba ba ta bar wa kowa. Ta tarar da Inna zaune a kan kifaffen jirgi, cikin mayafin takaba. Ƙa'ida ce a fara da kiran sunayen mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, a ji ko suna nan. Sunansa ne na farko. Malama ba ta kira shi ba. Ta kife na'urar a cinya, ta ɗaga hannu, muka shafa tare. Sannan ta goge tabarau aka ci gaba.

Inna ta amsa kome a taƙaice, ba shifta. Da aka zo kan rufi, Malama ta ɗaga kai ta dubi jinkar da ta sani shekara da shekaru. Inna ta ce:

"Rubuta ciyawa, ɗiyata. Wagga amsarshi ce, na bar mishi ita. Amma yi maza, kafinta na bayan gida." Ta juyo ta harare ni, sannan ta koma kan Malama. "Baɗi ki zo ki ga canji, tunda an ce shi kuke nema."

Motarsu ba ta fita ƙauyen ba muka ji guduma.

Da ruwa ya sauka sosai na kira ta in ji yadda rufi ya yi. Ta ce ko ɗigo. Ta ce amma da ta ji iska ta taso, sai ta tashi bisa sabo ta jera baho da robobi, ta zauna tana jira, ga ƙara a kan kwano kamar ana watsa tsakuwa, ga robobi a bushe, kuma ba wanda za ta yi wa mita. Daga nan ta ce layin ba kyau, ta kashe. Tarin dai ya lafa, alhamdu lillahi. An kuma gaya mini an fara ganinta tana leƙa tukwanen maƙwabta da sunan gaisuwa. Wannan ban tabbatar ba.

Kawu Bube ya yi kuskure a fahimtar abin da aka ce masa, wannan kam zan iya faɗa ba tare da amma ba. Sai dai an ce masa yana tsaye a madadin mutanen da bai taɓa gani ba, ya yarda, ya kuma ƙi jin daɗin da ba su ji ba. Ya Allah, ka yafe masa damunan da ya jiƙa Inna Kulu, ita ta ce ta yafe. Ka rufe shi da rahamarka, rufin da ba ya yoyo. In an zo yi masa tambaya ta ƙarshe, ka daidaita harshensa, ka sa ayyukansa na alheri su zauna kusa da shi, kada ya kasance shi kaɗai. Amin.